Na fasa sayen Highlander, kuma motar ba ta da laifi

A Kano, in ka ce za ka sayi jif, kafin ka rufe baki an ba ka amsa: "Sayi Toyota ka huta." Direba zai faɗa maka, bakanike zai faɗa maka, hatta wanda ko keke bai taɓa mallaka ba zai faɗa maka. Maganar kuwa tana da tushe. Sai dai wata uku da na yi ina bin kan wata Highlander ƙirar 2010 sun nuna mini cewa "ka huta" ɗin nan yana da sharuɗɗa, kuma ba kasafai masu ba da shawarar suke faɗar su ba. Na ga 'yan uwa ma'aikata da yawa suna cikin irin wannan lissafi, shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na gani. Rubutun da ɗan tsawo, a yi haƙuri.

Da farko, me ya kai ni? Corolla 2005 nake ja, shekararta 9 a hannuna. Mu bakwai ne a gida, ni da uwargida da yara biyar, motar kuwa ta mutum biyar ce. Ranar Sallah ko biki, sai dai a ɗora ƙanana a cinya, ko babban ya biyo mu a adaidaita sahu. Na biyu, Hajiyarmu tana ƙauye a ƙasar Gabasawa, ta ƙi yarda ta dawo birni, ga hawan jini ga ciwon ƙafa. Daga nan Gawuna in ka miƙi titin Haɗeja har ka wuce Gezawa ba ka da matsala, amma daga inda za ka sauka daga kwalta, burji ne. Da rani rairayi, da damina taɓo. A watan Agusta Corolla ba ta shiga, sai dai in ajiye ta a bakin titi in hau babur. Ni zan iya hawa babur. Tsohuwa mai shekara 70 da ɗoriya da za a kawo asibiti fa? Saboda haka ba don a ce wane ya yi jif ba ne, kodayake, a faɗi gaskiya, duk namijin da ya ce ba ya son ya fito daga babbar mota a ƙofar ɗaurin aure, to a bincike shi.

Kuɗin kuma daga ina? Ina da fuloti ɗaya da na saya shekarun baya, shi ne kaɗai abin da zan nuna in ce ga gumin aikina. Lissafin shi ne in sayar da shi, in sayar da Corolla, in cike da rancen ƙungiyar taimakon juna ta ofis wanda ba ruwa a cikinsa, a riƙa cira a albashi. Ka ga ke nan ba sayen takalmi ba ne. In motar ta ba ni kunya, ba fili, ba mota, ga bashi.

To sai na zauna na yi karatun motar kamar zan rubuta jarrabawa a kanta.

Highlander ɗin da ake yayi a nan, wadda aka yi daga 2008 zuwa 2013, ita ce zubi na biyu. A kan ƙashin Camry aka gina ta, shi ya sa take da laushin tafiya, ba kamar Prado ko Hilux ba da aka yi don daji. Yawancinsu V6 ne mai lita 3.5, injin da ake kira 2GR. Shi ne dai a cikin Sienna, Avalon, Venza mai V6, Camry mai V6, da Lexus RX 350 da ES 350. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda yake zaune a Kano, domin ma'anarsa duk abin da ya lalace a injin, in ka shiga Ƙofar Ruwa za ka same shi, sabo ko na Beljiyam, kuma bakaniken da ya saba da Sienna ba zai tsaya yana koyon aiki a kan motarka ba. Sannan sarƙa ce take juya injin, ba bel ba irin na tsofaffin Highlander da RX 330, wanda dole ka canza shi in lokacinsa ya yi.

Tana da nata lagon. Famfon ruwan injin yakan fara yoyo in mota ta kwana biyu, kuma wurinsa a matse yake, aikin yini guda ne. Na farko-farkon wannan inji sun zo da wani bututun baƙin mai mai haɗin roba, wanda in ya fashe, mai zai tsiyaye cikin 'yan mintoci, in ba ka lura ba inji ya buga. Daga baya kamfanin ya maye gurbinsa da na ƙarfe, saboda haka abin dubawa ne ko an canza. Ban da waɗannan, da wuya ka ji wani babban kuka a kanta. Na ma leƙa RAV4 don ta fi sauƙin kuɗi, sai na tarar masu injin 2.4 na 2006 zuwa 2008 sun yi suna wajen shan baƙin mai, matsalar da kamfanin da kansa ya amsa. Ka ga ko a cikin gida ɗaya, ba duka 'ya'ya ne halinsu ɗaya ba.

Wani abu da na lura da shi shi ne yadda muke ɗauko shaidar Turawa mu ɗora a kan motar da ba ita suka auna ba. Gaskiya ne Consumer Reports ta Amurka ta daɗe tana sa Toyota da Lexus a sahun gaba wajen ƙarko. Amma shahararren binciken ƙarko na J.D. Power, alal misali, motoci 'yan shekara 3 yake dubawa, a hannun waɗanda suka saye su sababbi. Mu kuwa 'yar shekara 15 muke magana, wadda ta bi hannu uku ko huɗu, ta hau jirgin ruwa, ta kwana a tasha, aka wanke ta aka shafe ta da mai. Kuma za ta zo ta tarar da zafin Afrilu da yake haura 40, da ƙurar hunturu, da ramukan da ruwa yake ɓoyewa, da man da ba ka san me aka gauraya masa ba. Ba mu manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai methanol da yawa, motoci suka riƙa tsayawa a hanya. Sunan kamfani yana gaya maka yadda aka haifi mota ne. Yadda aka rene ta kuwa, sai ka sunkuya ka duba da idonka.

Shi ya sa na ɗauki bakanikena, wanda muke tare tun ina da babur, na biya shi kuɗin yininsa, muka shiga zagaye. Guda uku muka gani da gaske.

Ta farko baƙa ce, tana ƙyalli kamar a lasa. Dillalin yana ta rantsuwa wai wata tsohuwar Baturiya ce take zuwa coci da ita. Ban san yawan tsofaffin matan da suke Amurka ba, amma duk motar da ta zo Kano tasu ce. Bakanike bai ce komai ba, ya ɗaga kafet ɗin ƙasan kujerar direba, ya sa yatsa ya fito da busasshen taɓo. Ya haska ƙarafunan da kujera take gudu a kansu, duk tsatsa. Ya jawo bel ɗin kujera har ƙarshe, ga shatin ruwa. Motar ambaliya ce. Duk shekarar da guguwa ta afka wa Amurka, irin Ian a 2022 ko Helene a 2024, kamfanonin inshora sukan tattara motocin da ruwa ya shanye su kai gwanjo, kuma wasunsu ƙasashe irin namu suke ƙarewa. Irin wannan mota za ta yi maka wata shida lafiya, daga nan wayoyinta su fara ruɓewa daga ciki, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe giya ta ƙi shiga, riwaya ya zama abokinka na kullum.

Ta biyu ba ruwa a jikinta. Amma da aka murɗa makulli kafin a tayar, fitilar nan ta gargaɗin inji ba ta kama ba sam, alhali ya kamata ta kama sannan ta mutu in inji ya tashi. An kashe ta ne don kada ta tona asiri. Da aka jona na'urar bincike, laifuffuka suka fito jere. Agogonta yana nuna mil dubu 90 da 'yan kai, amma robar feda ta cinye har ƙarfe ya fito, sitiyari ya yi sulɓi. A nan ma a kula, motar Amurka da mil take ƙirga, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Mil dubu 150 kilomita dubu 240 ke nan.

Ta uku ita ce ta hana ni barci, domin ba mu same ta da komai ba. Na ɗauki lambar cesis, haruffa da lambobi 17 da suke ƙasan gilashin gaba, na biya aka duba mini tarihinta a intanet. Ba hatsari, ba ambaliya, mil ɗin da ke agogo ya yi daidai da na takarda. Lambar ta fara da 5, wato haɗin Amurka ce, da J ta fara da haɗin Japan ce. Ƙarƙashinta ba tsatsar gishirin nan da ake zubawa a tituna lokacin ƙanƙara. Bututun nan an sa na ƙarfe. Takardun kwastan na bi su har ofis, dutinta cikakke ne, kuma wannan ba abin wasa ba ne tun da aka hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairun 2017. Mota ba duti, ko ta fi kowace lafiya, wata rana a hanyar Zariya ko Kaduna za a sauke ka da iyalinka a tafi da ita. Muka yi ciniki ya tsaya a naira miliyan 16, ban da la'ada.

A hanyar dawowa na ce da bakanike, "To malam, me ka gani?" Ya ce, "Yallaɓai, motar nan ba za ta ba ka kunya ba. Abin da nake tsoro kada kai ka ba ta kunya." Na ce kamar yaya? Ya ce, "Irin waɗannan ba sa mutuwa da kansu, kashe su ake yi. Mutum ya kwashe duk abin da yake da shi ya saya, ranar sabis ya ce a zuba mai mai araha. Famfon ruwa ya fara yoyo ya ce a bari sai an yi albashi, yana ta ɗura mata ruwan rijiya. Ta fara zafi ya ce a cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye. Shekara biyu sai ka ji yana cewa an cuce shi."

Wannan magana ita ta sa na ajiye lissafin saye na ɗauko lissafin riƙo.

Tankin Highlander lita 72 ne da ɗan ɗori, na Corolla 50. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lita ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba, wato da dubu 14 ka cika ta. Cikin kwanaki lita ta haura 500, zuwa ƙarshen 2024 ta haura 1,000. A wannan farashi, cika tankin Highlander sau ɗaya ya kai dubu 72. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 dubu 70 ne, na jihar Kano dubu 71. Wato abin da masinjan ofishinmu zai yi wata guda yana jira, shi za ka juye a tanki a tsaye ɗaya.

Na auna zirga-zirgata: kai yara makaranta, wucewa Sakatariyar Audu Bako, dawowa, cefane a 'Yankaba, zumunci, da zuwa ƙauye. Kusan kilomita 900 a wata. A takarda, Highlander V6 tana yin wajen kilomita 7 da rabi da lita ɗaya a cikin gari, Corolla kuwa wajen 11. Lita 120 ke nan a kan 82. Bambancin kusan lita 40 ne duk wata. Ko a naira 900 ka lissafa lita, ya haura dubu 400 a shekara, kuma wannan lissafin takarda ne, ba a sa cunkoson Kano da kunna sanyi a watan azumi ba. Dubu 400 ɗin nan ba daga sama za ta faɗo ba, daga kuɗin makarantar yara za ta fito.

Ba a nan ya tsaya ba. Sabis ɗinta lita 6 na baƙin mai take sha, Corolla 4. Filogi shida ne, kuma uku na baya sai an kwance saman inji kafin a kai gare su. Tayarta inci 17 ce zuwa sama, ta Corolla 15, kowa ya san bambancin kuɗinsu. Duk waɗannan kaya da dala ake shigo da su. Dalar da gwamnati take bayarwa a wajen naira 460 kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024, kuma kuɗin duti ma da ita ake lissafa shi. Shi ya sa motar da shekarunta suke ƙaruwa, kuɗinta ma yake ƙaruwa. Wasu sun ce in mayar da ita mai gas, tunda gwamnati tana ta kiran a koma CNG. Shawara ce mai kyau ga wanda take yi wa, amma tukunyar gas ɗin a baya ake ɗora ta, daidai wurin kujerun nan biyu da saboda su nake son motar.

Da na tara duka, sai na ga bayan an cire rancen ƙungiya daga albashi, an cire mai, abin da zai rage ba zai ɗauki ko ƙaramar lalura ba. Ranar da famfon ruwan nan zai yi yoyo, kuma zai yi, ba ni da inda zan juya, fulotin da zan jingina da shi ya riga ya zama taya huɗu. A lokacin ne zan zama mutumin da bakanike ya siffanta, mai cewa a bari sai an yi albashi. Ku zagaya unguwanninmu, daga Gawuna zuwa Birget zuwa cikin Nassarawa GRA kanta, ku ƙirga manyan motocin da aka lulluɓe da tamfol a ƙofar gida, tayoyi sun sace, awaki suna kwana a ƙarƙashi. Yawancinsu ba wani mugun ciwo ne ya kwantar da su ba. Ciyarwa ce ta gagara.

Abin yana da ciwo in ka tuna daga inda aka taho. Iyayenmu da suka yi aikin gwamnati a shekarun 1970, zamanin kuɗin Udoji, ƙaramin jami'i yakan karɓi rancen mota ya ɗauko Peugeot 504 sabuwa dal, haɗin Kaduna, da ledarta a kujera. Yau mai digiri da ya shekara 18 yana aiki, sai ya sayar da fili kafin ya sayi motar da wani ya gaji da ita a wata ƙasa tun ɗansa na fari yana rarrafe. Har mun saba, muna kiranta "sabuwa" don ba a taɓa sa mata lambar Najeriya ba.

Uwargida ce ta ƙarasa yanke hukuncin, ba tare da ta sani ba. Ta ce, "Abban yara, sau nawa ne a shekara Corolla take kasa kai ka wurin Hajiya?" Muka ƙirga. Daga tsakiyar Yuli zuwa tsakiyar Satumba ne, zuwa biyar ko shida. Sau nawa muke fita mu bakwai gaba ɗaya? Sallah biyu da 'yan bukukuwa. Ashe saboda kwanaki 15 a shekara nake shirin ɗaukar nauyin kwana 365.

Ga abin da na yi. Na kira dillali na ba shi haƙuri, na ba shi ɗan na ruwa saboda wahalar da ya sha. Fuloti yana nan. Na karɓi ƙaramin rance, na canza wa Corolla shokozoba huɗu da tayoyi, aka gyara ƙafafunta, aka wanke lagireto aka zuba ruwan sanyaya inji na ainihi. Na yi magana da wani mai Hilux a garinmu, mun daidaita, duk ranar da ake bukatar fito da Hajiya da damina zai kawo ta bakin kwalta in biya shi. Ita ma Hajiya, bayan doguwar lallaba da sa bakin ƙanwarta, ta yarda za ta riƙa yin watan Agusta a wurinmu. Ranar Sallah kuwa babban yaro zai ci gaba da bin mu a adaidaita, ya ce ma ya fi masa.

Ba zan ɓoye ba, raina ya so motar nan. Bayan kwana huɗu aka saye ta, na kuma tabbata wanda ya saya ya yi dace, in yana da abin riƙe ta. Ba kuma ina cewa kada ma'aikaci ya sayi jif ba ne. Wanda yake da wata hanyar shiga ban da albashi, ko aikinsa na shiga ƙauyuka ne kullum, Highlander mai lafiya sayen nagari ce, mai da kuɗi gida. Amma ga wanda ya ƙudura, ga abin da zan ce masa a matsayin ɗan uwa. Kada ka je da dillali kaɗai, shi la'adarsa yake nema, je da bakanikenka ka biya shi. Ka je da safe ka tarar da inji a sanyaye, don wanda aka riga aka ɗumama yana ɓoye ƙara da hayaƙi. A jona na'ura, a duba lambar cesis, a ɗaga kafet, a leƙa ƙarƙashi. Ka duba lambobi huɗu da ke gefen taya, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Ka tabbatar da duti da kanka. Sannan in kuɗin da ke hannunka daidai kuɗin motar ne cif, to ba ka kai sayenta ba tukuna. Sai ka iya biya, ka kuma ajiye wani abu a gefe wanda ba za ka taɓa ba sai ranar da ta nema.

Mutanen da suna cewa daidai ruwa daidai tsaki. A wannan zamani da mai da dala suke tashi ba sallama, albashi kuwa sai an yi shekaru ana zaman tattaunawa kafin ya motsa, tambayar "motar nan tana da ƙarko?" rabin tambaya ce. Sauran rabin, aljihunka ne zai amsa.

Allah Ya hore mana na halal, Ya ba mu abin hawa mai albarka, Ya tsare mu da sayen wahala da kuɗinmu. Masu neman saye, Allah Ya haɗa ku da ta gari.